Randar da ke Aljihunka: Siririyar Waya da Ƙishin Caji

(Kiɗan buɗe shiri)

Gaisuwa ta musamman ga mutanen Gidan Goga da ƙauyukan da ke kewaye da ita, da na Maradun, da Bakura, da Talata Mafara. Wanda ke gona Allah ya ba da yabanya, wanda ke bisa hanya Allah ya sauke shi lafiya.

Kafin mu yi nisa ina da ɗan roƙo. Duk mai waya a kusa ya ɗaga ta, ya dubi can sama inda hoton batir yake. Nawa ya rage? Na san akwai wanda gabansa ya faɗi yanzu. To, a kan wannan faɗuwar gaban za mu tattauna yau.

Wata Talata na zauna a shagon wani mai caji a kasuwar Mafara. Shagon rumfar kwano ce, an kafa allon katako an jera masa soket sun fi hamsin, wayoyin wuta sun sarƙe kamar saiwar gamji. Kowace waya an manna mata 'yar takarda mai lamba, mai ita ya tafi da ɗaya lambar a aljihu. Inji na ta ruri a bayan rumfa, hayaƙinsa na shigowa. Ana cikin haka sai ga wani dattijo mai sayen albasa, ya ce daga wajen Gidan Goga yake. Ya zaro waya daga aljihun 'yar-ciki, sabuwa fil, siririya kamar wuƙar wanzami. Ya ce ɗansa ne ya aiko masa da ita daga birni. Ya miƙa wa yaron shagon, ya ce: "Ɗana, taimaka mani da wannan gimbiyar. Da asuba na cire ta a cike, ga shi ko azahar ba a kira ba ta fara kuka."

Yaron ya juya ta a hannu, ya ce: "Baba, ai wannan wayar manya ce." Dattijon ya ce: "To manyan su zo su karɓi abarsu. Ni mutumina na Legas tun safe yake jira in gaya masa farashin buhu."

Aka yi dariya, amma maganar dattijon ta zauna mani. Wayar ba ta da laifi. An ƙera ta ne domin mutumin da ke da soket a gefen gado, da wani a mota, da wani a ofis. Shi kuwa dattijon, tsakaninsa da soket mafi kusa akwai tafiyar babur.

Bari mu ɗauki batir a matsayin randa. Daɗewar ruwa a randa abu uku ke yanke shi: girman randar, yawan masu sha, da kuma ko tana yoyo. Za mu bi su ɗaya bayan ɗaya.

Girman randa shi ne lambar nan da kuke gani a jikin kwali, mai haruffan mAh a gabanta. Tsohuwar Nokia 1100 mai tocila, wadda ta fito a 2003, batirinta 850 ne kacal, amma sai ta yi kwanaki ba ta nemi wuta ba, domin kira da saƙo kaɗai ta sani. Yawancin manyan wayoyin da ke hannun jama'a yau 5,000 suke ɗauke da shi. Kada lambar ta ruɗe ku. In aka juya lissafin, wutar da ke ciki ba ta wuce abin da zai kunna ƙwan fitila mai wat 10 na kimanin awa biyu ba. Da wannan 'yar wutar ake so a yi kira, a yi hira a WhatsApp, a kalli TikTok, a tura kuɗi, a haska hanya da dare.

Irin batirin da ke cikin wayoyinmu na sinadarin litiyom ne. Kamfanin Sony na Japan ne ya fara sa shi a kasuwa a 1991, shekara goma kafin wayar salula ta GSM ta shigo Najeriya a 2001. Masana uku da suka share fagen ƙirƙiro shi, John Goodenough da Stanley Whittingham da Akira Yoshino, sun sami kyautar Nobel a 2019. Dutsen da ake tace wannan sinadari daga cikinsa ma akwai shi a ƙasarmu, ana haƙo shi a Jihar Nasarawa. Abin da ya kamata mu riƙe shi ne wannan: wuta a batir tana buƙatar wuri. In ka matse randa, ka rage ruwa.

A cikin waya babu abin da ya kai batir cin fili. Don haka duk kamfanin da ya ce zai sirantar da waya, batir ne zai fara biyan kuɗin. Ga misali a fili. A 2025 kamfanin Samsung ya fitar da Galaxy S25 Edge, kaurinta milimita 5.8, batirinta 3,900. Yayarta S25 Ultra, mai kaurin milimita 8.2, tana da 5,000. A watan Satumba na shekarar kamfanin Apple ya fito da iPhone Air, milimita 5.6, batirinta bai kai 3,200 ba. Abin dariyar ma, rana ɗaya da fitowarta kamfanin ya tallata wani batir na daban da ake manna mata a baya. Wato an rage wa jaki kaya, sannan an sayar maka da mangala ka ɗauka da kanka.

Matse batir kuma yana da iyaka. A 2016 wayar Galaxy Note 7 ta riƙa kamawa da wuta, har kamfanonin jiragen sama suka hana shiga da ita, Samsung ya janye ta daga kasuwa gaba ɗaya cikin wata biyu. Binciken da kamfanin ya bayyana a farkon 2017 ya nuna cewa a wasu batiran, gidan da aka zuba kayan cikin ya yi musu kaɗan, har suka lanƙwashe suka haɗu.

Masu ƙira ba su zauna ba. Yanzu kamfanonin Sin irin su Honor da Xiaomi da OnePlus suna gauraya sinadarin silikon a cikin batir, domin ya fi gawayin da aka saba amfani da shi riƙe litiyom nesa ba kusa ba. Matsalarsa kumburi: in ya sha caji yakan ninka girmansa, shi ya sa kaɗan ake zubawa. Da irin waɗannan dabarun ake samun waya mara kauri mai 6,000. Tecno, wanda shi da Itel da Infinix duk 'ya'yan kamfanin Transsion ne, ya fitar da Spark Slim, kaurinta bai kai milimita 6 ba, batirinta kuma ya haura 5,000. Ke nan ba kowace siririya ce mai ƙaramar randa ba. Sai dai a tambaya, a karanta kwali, kada a saya da ido.

Ga wani lissafi da mai shago ba zai yi maka ba. Batir yana da adadin cikawa da ƙarewa da zai yi kafin ya fara gajiya. Apple ya ce batirin tsofaffin wayoyinsa, bayan cika da ƙarewa sau 500, zai riƙe kashi 80 cikin ɗari na ƙarfinsa na farko. Wanda caji ɗaya ke kai shi dare zai yi shekara ɗaya da wata huɗu kafin ya kai wannan adadin. Wanda sai ya cika sau biyu a yini, wata takwas ya ishe shi. Kun ga ke nan, mai yawan aiki da waya in ya sayi mai ƙaramin batir ya yi asara biyu: yana biyan mai caji sau biyu, batirinsa kuma yana tsufa da gudu biyu. Mai POS, da dillalin hatsi, da ɗan acaba, da ɗalibin Kwalejin Abdu Gusau da ke karatu a waya, wannan lissafin naku ne.

(Ɗan kiɗa)

Masu sauraro, in yanzu kuka kama mu, muna magana ne a kan cajin waya. Mun auna girman randa, saura masu sha.

Babban mashayi shi ne fuskar wayar. Hasken nan da kake ƙurewa domin ka gani a rana, shi ke kwashe rabo mafi tsoka. Koma inuwa, rage haske, ka sa wayar ta riƙa kashe fuskarta bayan daƙiƙa 30. In fuskar wayarka irin wadda ake kira AMOLED ce, mayar da ita baƙa a wurin saiti, domin a irin wannan fuskar duk inda yake baƙi a kashe yake, ba ya shan komai. Bidiyo kuma, kowa ya sani, ba a haɗa shi da rubutu wajen sha. Ka hana WhatsApp sauke kowane hoto da bidiyo da aka watso a zaure, sai wanda ka zaɓa. Ka huta da caji, ka huta da data.

Amma akwai mashayin da ya fi damun mutanen karkara, mutanen birni ba su cika saninsa ba. Shi ne raunin sabis. In kana magana da wanda ke zaune kusa da kai, a hankali kake yi. In yana hayin gulbi, sai ka ƙwala masa kira har maƙogwaro ya bushe. Haka waya take da ƙarfen sabis. In ƙarfen na nesa, sai ta ƙara ƙarfin da take aika saƙo da shi. In babu sabis ɗin sam, ba ta haƙura, lalube take ta yi. In sim biyu ne a ciki, lalube biyu.

Mu a Zamfara mun ga wannan da idonmu. A farkon Satumba na 2021, lokacin Gwamna Bello Matawalle, hukumar sadarwa ta ƙasa ta umarci a rufe layukan waya a faɗin jihar saboda matsalar tsaro. Aka yi makonni sai mutum ya yi tattaki zuwa wata jiha kafin ya ji muryar ɗan'uwansa. A kwanakin nan na lura da wani abu a tawa wayar: ba kira, ba saƙo, tana kwance a aljihu, amma kafin yamma ta yi ɗumi cajin ya zube. Neman abin da babu take yi. Maganin abu ne mai sauƙi. In ka san za ka shiga inda babu sabis, taɓa alamar jirgin saman nan, wayar ta huta. In sabis ɗin mai rauni ne kuma kira kawai kake bukata, kashe data, ko ka mayar da layin 2G.

Na san abin da wani zai ce: "Malam, a wannan yanayin namu wa zai rufe waya?" Gaskiyarka. A yankinmu waya ce ke gaya wa mutum hanya ta yi kyau ko a dakata, ita ce ke sanar da iyali an isa. Shi ya sa nake ba da shawarar da mutanen ƙauye suka riga malaman birni ganowa: a riƙe waya biyu. Ƙaramar nan mai maɓalli, wadda matasa ke yi wa dariya, ita ce ta kira, kullum a buɗe, caji ɗaya ya kai ta kwanaki. Babbar kuwa a buɗe ta in aikinta ya zo. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Saura yoyo. Abin da ke tsaga randar batir shi ne zafi. Apple ya rubuta cewa wayoyinsa an yi su ne su yi aiki tsakanin digiri 0 da 35, kuma zafin da ya wuce 35 yana iya rage ƙarfin batir, ragin da ba ya dawowa. Jama'a, a watan Afrilu da Mayu a nan wurinmu ma'auni yakan haura 40, a inuwa ma. Wato bazara kaɗai ta isa ta gajiyar da batir, balle an ɗora mata caji, wanda shi ma zafi yake haifarwa. Siririyar waya kuma ba ta da jikin da za ta baza zafin, nan da nan take ɗauka.

Ni kaina na biya kuɗin wannan karatun. Wata bazara muka je duba shinkafa a fadamun da ke shan ruwan madatsar Bakolori. Na jona wayata a mota, na ajiye ta a gaban gilashi, na tafi na yi awa biyu. Da na dawo ban iya riƙe ta da hannu ba, sai da gefen riga. Bayan 'yan makonni na ajiye ta a tabarma, na ga tana lilo kamar ƙwarya. Murfin baya ya ɗaga, batir ya kumbura. Wayar da ke kai ni isha'i ta koma mutuwa da la'asar.

Duk wanda ya ga batirinsa ya kumbura, ya daina caji nan take. Kada a danne shi, kada a huda shi da allura wai iska ta fita, kada a jefa shi a murhu ko a juji inda yara ke wasa. A kai wa mai gyara ya canza. Iyayenmu mata, ina roƙonku musamman: kada a bar waya tana caji a ƙarƙashin matashi ko a kan katifa, kuma kada a ba yaro ya yi wasa da ita tana jone. A ajiye ta a ƙasa, a inuwa, a cire mata rigar roba in tana caji. Masu shagon caji kuma, Allah ya ƙara kasuwa, a daina tara wayoyi wata bisa wata a ƙarƙashin kwano. A raba su, su sha iska. Amana ce aka ba ku.

Sai batun caja. Tun da aka cire tallafin man fetur a ƙarshen Mayu na 2023 kuɗin tayar da inji ya hau, kuɗin caji ya bi shi, jama'a suka koma neman sauƙi ta kowace hanya. Amma araha ba ta ado. Aikin caja shi ne ta karɓi wuta mai ƙarfi, ta tace ta, ta ba waya daidai cikinta. Wutar ƙaramin inji hawa take tana sauka. Caja mai kyau takan shanye wannan rawar, ta jabu kuwa sai ta miƙa wa wayar yadda ta zo. In caja ba ta da nauyi a hannu, ko tana zafi har ba ta taɓuwa, ko fuskar waya na tsalle da kanta in an jona, rabu da ita.

Mai niyyar sayen fawa banki, ga gaskiyar lissafi. Wanda aka rubuta wa 10,000 ba zai cika waya mai 5,000 sau biyu ba, domin wani kaso na wutar yana salwanta a hanya ya zama zafi. Sa ran sau ɗaya da rabi. In ka ga ɗan ƙarami mara nauyi an rubuta masa 50,000, tawada ce kawai. Wanda kuma Allah ya hore wa, ƙaramin faifan sola ya fi komai. Rana dai ba mu rasa ta ba. A watan Oktoba na 2024, da manyan layukan wuta suka lalace Arewa ta kwana da kwanaki a duhu, masu sola ne suka zama sarakunan unguwa. Sai dai a kula: faifan ne ke son rana, waya ba ta so. A sa doguwar igiya, faifai a rufi, waya a ɗaki.

Akwai tambayoyi biyu da ake yawan yi mani. Ta farko: wai sabuwar waya sai ta kwana a caji kafin a fara aiki da ita? A'a. Wannan dokar tsofaffin batira ce, na litiyom bai san ta ba. Ta biyu: wai gara a bari ta mutu ɗungurungum kafin a jona? Shi ma a'a. Batirin litiyom ya fi jin daɗi a tsakiya, daga kashi 20 zuwa 80. Yawan kai shi sifili yana gajiyar da shi, haka ma barinsa a cike cikin zafi. Wayoyi da yawa yanzu suna da saitin da ke tsayar da caji a 80. Amma ni ba zan ce wa mutumin Gidan Goga, da ya sami wuta yau bai san ranar da zai sake samu ba, ya tsaya a 80 ba. Cika abarka, Malam. Wannan dokar ta mai wuta a gida ce. Kai dai ka tsare ta daga zafi, kada kuma ka bari ta kwana a mace.

To, in ka tashi sayen waya, ko za ka aika a sayo maka daga kasuwar Farm Centre ta Kano, tambayi kanka kafin ka tambayi mai shago: awa nawa nake yi tsakanin soket da soket? In amsar ta kai yini guda, kada ka sauka ƙasa da 5,000, in da hali nemi 6,000. Akwai ma masu 7,000, irin Tecno Pova 2. Za ta yi nauyi a aljihu, amma ba girin-girin ba, ta yi mai. Tambayi ko ana samun batirinta a wurin masu gyara na kusa. In ta hannu ce, ka sa a ranka cewa batirin ya riga ya ci rabin zamaninsa, ka cire kuɗin sabo a cinikin. Ku kuma 'ya'yanmu da ke birni, in za ku aiko wa Baba ko Inna waya, ku tuna inda za ta zauna. Kyautar da za ta sa tsoho zaman jira a shagon caji ranar kasuwa, an rage mata lada.

Dattijon nan mai albasa, kafin in bar rumfar na ga ya sake laluba aljihu. Ya fito da wata ƙaramar waya da ta sha duniya, lambobin maɓallanta sun goge, an ɗaure bayanta da roba. Ya latsa, ya kara a kunne, ya juya baya ga ƙarar inji, ya fara ciniki da mutuminsa na Legas. Gimbiyar kuwa tana can a allo, da lambarta manne a baya, tana jiran rabonta.

Nan za mu dakata a shirinmu na yau. Wanda batirinsa ya kai shi ƙarshen shirin nan, ya isar wa wanda nasa ya mutu a hanya. Allah ya ba mu zaman lafiya a Zamfara da ƙasa baki ɗaya, ya tsare matafiyanmu. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Assalamu alaikum.

(Kiɗan rufe shiri)